Ƙwai ya yi tsada, in na zuba kaji a bayan gida zan huta?

Wata Hajiya ce ta turo min tambaya, ta ce yaranta biyar, kiret ɗin ƙwai sati ɗaya yake musu, kuma a unguwarsu yanzu 5,500 ake sayarwa. Tana da ɗan fili a bayan kicin, shi ne take tambaya in ta sayi kaji kamar goma ta zuba a gurin za ta huta da sayen ƙwai, ko kuwa wahalar banza za ta ɗorawa kanta?

Hajiya za ki iya hutawa, amma fa ba da kowace kaza ba, kuma ba da dusa da ƙanzo ba. Na daɗe a harkar nan, na yi kiwon nawa na kuma duba na mutane, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya shiga kiwo da haushin mai shago, wata uku ya fito da haushin kaza. To bari mu yi lissafin tukuna kafin ki kira kafinta.

Ita kazar ƙwai ki ɗauke ta kamar injin markaɗe, ki zuba masara da waken soya ta nan, ƙwai ya fito ta can. Wajen rabin abincinta masara ce, sai waken soya, sai dusar alkama da garin ƙashi da farar ƙasa da ɗan gishiri da sinadaran bitamin. Kuma duk mai gidan gona zai gaya miki abinci shi ke cinye kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da yake kashewa. Shi ya sa in buhun masara ya tashi a Dawanau ko Saminaka, ki ba shi 'yan makonni za ki ga kiret ya bi shi. Kiret ɗin da muke saye wajen naira dubu ɗaya a 2020 shi ne ya haura 5,000 a 2024, kuma a tsakani abubuwa ne suka taru suka yi wa harkar rubdugu. Farkon 2023 da aka yi canjin kuɗi aka rasa tsabar kuɗi a hannu, ƙwai ya yi kwantai a gonaki har yana lalacewa don mai shayi da mai shago ba su da abin biya, masu gona da yawa suka sayar da kajinsu suka rufe. Sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu na shekarar, kuɗin mota ya ninka, naira ta faɗi, su magani da sinadaran da ake shigowa da su daga waje suka tashi. Kajin sun ragu, abincin ya yi tsada, masu cin ƙwan kuma ba su ragu ba. Abin da nake so ki gane a nan shi ne in kin ajiye kaji a gida ba ki fita daga wannan kasuwar ba, kin dai tashi daga layin masu sayen ƙwai kin koma layin masu sayen abincin kaji. Ribarki ita ce ɗan abin da mai gona da dillali da mai mota da mai shago suke ɗorawa, shi za ki riƙe a hannunki, in kin iya kiwon kenan.

Yanzu wace kaza? Na san hankalinki zai fara zuwa kan kajin Hausa tunda su ne ba sa cin kuɗi, a watsa musu tsaki su yi ta tone-tonensu. Kazar Hausa ba don ƙwai Allah ya yi ta ba, uwa ce. Za ta yi miki ƙwai goma zuwa sha biyar ta tsaya, ta hau kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe ta shiga yawo da 'yan tsakinta wata biyu ko fiye tana faɗa da shirwa, sannan ta dawo ta sake. A shekara gaba ɗaya in ta yi 40 zuwa 60 ta yi ƙoƙari. Kaji goma kenan ƙwai 500 a shekara, alhali ke gidanki kiret ɗaya duk sati ya haura ƙwai 1,500. Kin ga ba su kama hanya ba. Kazar Hausa asusu ce, ta ranar baƙo ce da ranar da yaro ya tashi ba lafiya a kama ɗaya a kai kasuwa, kuma ni ban taɓa cewa kowa ya rabu da ita ba, amma ba ita za ta raba ki da mai shago ba.

Wadda kike nema ita ce leyas, jajayen nan na gidan gona irin su ISA Brown, ko Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar don ta jure yanayinmu. Waɗannan suna fara ƙwai a sati 18 zuwa 20, kuma in an kula da su kaza ɗaya tana yin 280 zuwa 300 a shekarar farko, ba ruwanta da kwanci. Akwai na tsakiya, su Noiler da irin waɗanda muke ce wa maja, suna da jiki suna da juriya, ana iya sakinsu su yi kiwo, ƙwansu ya fi na kazar Hausa nesa ba kusa ba amma bai kai na leyas ba, kuma suna da ci. In nama da ƙwai kike so a haɗe to su ne, in ƙwai ne zalla ki tsaya kan leyas. Af, kuma ba kya buƙatar zakara, mutane da yawa suna tambayata wannan. Kaza tana ƙwanta ko babu zakara, shi amfaninsa sai in ƙyanƙyasa ake so, in ba haka ba ci kawai zai yi ya hana maƙwabta barcin asuba.

To ga lissafin, ki ɗauko biro. Leya ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji goma kenan kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, buhun kilo 25 zai kai ki sati uku. In takwas cikin goman suna ƙwai kullum, a sati ukun nan za ki tara kiret biyar da rabi zuwa shida. Mu ɗauka misali buhun 16,000 ne, ke sai ki sa farashin da ake sayarwa a garinku, to kiret ɗaya ya tsaya miki wajen 2,800 a abinci kawai. Da kyau ko? To amma in kajin suka koma biyar ne ke ƙwai a rana, buhun nan dai sati uku zai yi don wadda ba ta ƙwai ba azumi take ba, sai ki tashi da kiret uku da rabi, kowane kiret ya koma kusan 4,600. In suka sauko uku a rana kiret ya haura 7,000, wato gara ki je shago. Duk harkar a nan take, nawa ne cikin kajin suke ƙwai yau. Ni a gurina duk wanda ya ce min yana kiwon leyas amma ba shi da littafin da yake rubuta ƙwan kullum, to sha'awa yake ba kiwo ba.

Dalilin da ya sa na yarda da goman da kika ce, gidanki ƙwai huɗu zuwa biyar yake ci a rana, kaji shida ma sun isa. Amma da goma, a sati uku ku ci kiret uku ki sayar da kusan uku ga maƙwabta ko mai shayin bakin layi, kuɗin nan ya kusa sayo miki buhu na gaba. Sannan da kaji shida buhu zai wuce wata a ajiye, kuma abincin kaji ba ya son daɗewa, musamman da damina yana yin fumfuna. In kika koma sayen mudu-mudu kuma nan ma an cinye ribar, don mai awo ya fi mai buhu tsada, wani ma ya ƙara dusa a ciki ba ki sani ba.

Sai dai kar ki manta da jari. Kajin da suka kusa fara ƙwai ba araha gare su ba, ga keji, ga mazubin abinci da na ruwa, ga magani. In a misali kika kashe 150,000 a waɗannan, kuma duk sati uku, in kika haɗa kuɗin ƙwan da kuka ci da na wanda kika sayar, abin da ya rage miki bayan abinci da magani wajen 14,000 ne, kin ga sai kin yi wata bakwai zuwa takwas kafin kuɗinki ya dawo, in ba a samu mutuwa ba kenan. Daga nan ne ƙwan zai fara zama na riba, kuma a lokacin su ma kajin sun fara ja da baya kaɗan-kaɗan. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni suna yi, sai ki sayar da su a matsayin tsofaffin leyas, in kin daidaita da Sallah ko Kirsimeti suna kuɗi sosai, ki cika ki sayo sababbi. Kashinsu ma masu lambu suna saye buhu-buhu. Don haka in nufinki wata mai zuwa ki ga sauƙi a kuɗin cefane, a'a, ba haka abin yake ba.

Wani zai ce miki ki sayi 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya sun fi araha. Ni dai ga mai farawa da kaji goma ba na ba da wannan shawarar. Yawancin 'yan tsakin nan daga Ibadan ake ɗoro su a mota, su iso a galabaice, ki kwana kina musu wuta da gawayi ko fitila sati uku zuwa huɗu, ga rigakafin Gumboro, ga na Niyukasul, ga na ƙuraje, ga maganin koksi mai sa su kashin jini, kowanne da ranarsa, kuma kowace ɗaya za ta ci kilo shida zuwa bakwai kafin ki ga ƙwan farko, wata huɗu da rabi kina zubawa ba abin da ke fitowa. Masu gona suna yi ne don su dubu suke renawa lokaci guda. Ke ki nemi 'yan sati 16 zuwa 18 daga gonar da aka sani, ki je da kanki ko ki tura mai ido, ki tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su da rigakafin da aka yi musu. Ni kaina farkon shigata an taɓa yi min sakiyar da ba ruwa, aka haɗa min tsofaffi cikin sagaru na kwaso ina murna don an rage min kuɗi, ashe sun gama zamaninsu. Sagarar da ba ta fara ƙwai ba ƙafarta da bakinta ruwan ɗorawa ne shar, ƙafar sumul, gashinta a kwance yana sheƙi, jan tsoron da ke kanta bai gama girma ba. Tsohuwa kuwa ƙafar ta koɗe ta yi kaushi, gashin wuya da na baya duk a tsige.

Inda aka fi faɗuwa shi ne abinci, don haka bari in ɗan daɗe a nan. Hajiya za ki ga buhu yana tafiya ki ce bari in haɗa da dusa ya yi auki, ko in rage musu tunda ga ragowar shinkafa da tuwo. Ranar da kika fara haka ki ba su sati ɗaya, ƙwai zai sauko. Abincin leyas an auna shi ne, furotin wajen kashi 16 zuwa 17, kalsiyam kusan kashi 4, saboda ɓawon ƙwai ɗaya kaɗai yana ɗauke da wajen giram biyu na kalsiyam kuma kusan kullum sai ta yi sabo, don ƙwai ɗaya awa 24 zuwa 26 yake ɗauka a cikinta. In ba ta samu a abinci ba daga ƙashinta za ta cira, shi ne za ki ga ƙwai mai laushin ɓawo, ko kaza ta zauna ta kasa tashi, ko su fara fasa ƙwan suna sha. Dusa tana cika ciki ne kawai. Ragowar abincin gida da ganyen zogale da alayyahu ba laifi ki ba su kaɗan da yamma bayan sun cinye nasu, ganyen ma yana sa gwaiduwa ta yi ja, amma ƙari ne ba madadi ba, kuma ban da abin da ya yi tsami ko mai gishiri da yawa. Ɓawon ƙwan da kuka ci ki busar ki daka shi ya yi laushi ki mayar musu, kar ki ba su shi a yadda yake don kar su koyi fasa nasu. Kuma ki tsaya kan kamfani ɗaya, ko Vital ne ko Chikun ko Hybrid ko Topfeeds, wanda dai kike samu sabo a kusa, in za ki canza ki riƙa gaurayawa kwana huɗu zuwa biyar, kaza ba ta son a yi mata canji bagatatan. Haɗa abinci da kanki kuwa sai kajin sun kai ɗari ko fiye kuma kin sayi masara da kaka lokacin da take araha kin ajiye, a kan kaji goma bai cancanci wahalar ba.

Sai ɓarna. An ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to a tsakar gida ba ƙadangare kaɗai ba ne, ɓera da gafiya da tantabarun maƙwabta duk a buhunki za su yi ƙiba. Ki sa buhun a durom mai murfi, mazubin ki rataye shi daidai bayan kazar kar ki cika shi fal, don abin da suke watsarwa ƙasa da baki in kika tara shi a wata zai ba ki mamaki.

Ruwa kuma kar ya yanke ko na rabin yini, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. Kaza tana shan kamar ninki biyu na abin da ta ci, da bazara ya fi haka sosai. Watan Maris zuwa Mayu da zafi ke kaiwa digiri 40 shi ne lokacin gwaji, za ki ga sun buɗe baki suna haki sun saki fukafukai, ci ya ragu, ƙwai ya ƙanƙance ɓawon ya yi sirara. Ki ba su abincin da sassafe da kuma bayan la'asar, ruwa daga randa mai sanyi sau uku a rana da ɗan bitamin, in rufin kwano ne ki shimfiɗa zana ko karan dawa a sama. Kejin kansa na kaji goma mita biyu da biyu ya wadatar, gefe biyu waya don iska ta ratsa, a zuba dusar katako ko buntun shinkafa a ƙasa ana juyawa, akwatin ƙwai biyu ko uku a lungu mai ɗan duhu. In kin ji warin kashin yana yaji a ido to ya jiƙe, ki kwashe, tun kafin maƙwabta su aiko. Kuma suna son haske wajen awa 16 a rana, mu nan ranarmu awa 12 ce da 'yan kai, don haka ɗan ƙwan sola ɗaya da zai ci daga magariba zuwa ƙarfe goma na dare yana ƙara ƙwai sosai.

Ciwo. Babban mai share akurki a ƙasar nan Niyukasul ne, ciwon nan da ke zuwa da hunturu, kaza ta yi ta gyangyaɗi tana koren kashi wuyanta ya murɗe, kwana uku ki wayi gari ba ko ɗaya. Ba shi da magani, duk kafso da barkono da maɗacin da za a ce ki jiƙa ba za su tsayar da shi ba, rigakafi ne kawai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana yin rigakafinsa, akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha ana maimaitawa duk bayan wata ɗaya zuwa biyu ga leyas, akwai kuma I-2 mai jure zafi da aka yi don kajin karkara. Matsalar kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce kuma in an buɗe ba a ajiyewa, to ku haɗu da maƙwabta masu kaji ku yi rana ɗaya, hakan ma ya fi don kajinsu ne za su kawo wa naki ciwon. Ki sayo ta cikin ƙanƙara, ki hana su ruwa awa ɗaya zuwa biyu, ki haɗa da ruwan rijiya ba na famfo mai sinadari ba, su shanye cikin awa guda.

Kuma don Allah kar a kawo miki kyautar zakara daga ƙauye ko ki sayo kaza a kasuwa ki jefa cikinsu, a ware ta sati biyu tukuna. Murar tsuntsaye ma tana nan, tun da ta fara ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a farkon 2006 take tafiya tana dawowa, ta dawo a 2015 ta sake dawowa a 2021, Kano da Filato sun ji jiki. In kika ga kaji suna mutuwa farat ɗaya, tsoronsu ya yi baƙi-baƙi fuska ta kumbura, kar a yanka a ci, kar yara su taɓa, ki kira malamin dabbobi. Sannan in kin ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta ki duba jikin takardar kwana nawa aka ce a dakata da cin ƙwan, mutanenmu ba sa kula da wannan kuma yaranki ne za su ci.

Ƙwan kuma ki riƙa kwashewa sau biyu a rana, kar ki wanke sai za a soya don akwai wani ɗan rufi a jikin ɓawon da ke hana ƙwayar cuta shiga, ki jera tsinin yana kallon ƙasa a guri mai sanyi. Da zafi ki yi ƙoƙari ya ƙare cikin sati in babu firij.

In da ni ne ke, zan sa a kawo kajin ƙarshen damina wajen Oktoba, masara ta fara shigowa abinci ya ɗan sauko, su fara ƙwai su kai ganiyarsu cikin sanyi kafin zafin Maris ya same su, amma sai na tabbatar an yi musu rigakafi kafin iskar hunturu ta kaɗo. Kuma ranar da zan biya kuɗin kajin sai na ware kuɗin buhu biyu a gefe na ɓoye, don 'yan sati 17 za su iya cin kusan buhu guda kafin ki ɗauki ƙwan farko, kuma shi ma na farkon ɗan mitsitsi ne kamar na zabuwa, sai bayan wata guda yake cika.